Rushe gida domin a sake gina shi: fashin baƙi kan musayar 'yan wasan besbol a Houston Astros

A daren 29 ga Yulin 2011, ana tsakiyar wasa tsakanin Houston Astros da Milwaukee Brewers, aka kira Hunter Pence, ɗan wasan Houston, ya fito daga fili. Lafiyarsa ƙalau, bai kuma yi wani laifi ba; cinikinsa aka ƙulla yana tsaye a bakin aiki. Ƙungiyar Philadelphia Phillies ce ta karɓe shi, ta miƙa wa Houston matasa huɗu waɗanda babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa taka filin babbar gasa. Pence shi ne fitaccen mai bugun ƙwallo da ya rage wa ƙungiyar a lokacin, kuma kwana biyu bayan tafiyarsa aka tura Michael Bourn zuwa Atlanta. Shekara guda kafin haka, an riga an rabu da Roy Oswalt da Lance Berkman, ginshiƙan tawagar da ta kai World Series, wato jerin wasannin ƙarshe da ke fitar da zakaran gasar, a 2005. Wanda ya saba da ƙwallon ƙafar Turai zai ga wannan a matsayin ganganci, domin a can ƙungiyar da ke nutsewa ƙaro gwanaye take yi, ba ta sallamar 'yan kaɗan da take da su. Kafin a fahimci dalilin da ya sa a besbol ake ɗaukar hakan a matsayin dabara, sai an san yadda aka tsara gasar kanta.

Babbar gasar besbol ta Amurka, wadda ake kira MLB, tana da ƙungiyoyi 30, ɗaya daga cikinsu a birnin Toronto na Kanada, kuma kowace tana buga wasa 162 a kaka. Babu ƙungiyar da ke faɗawa rukunin ƙasa komai lalacewarta. Wadda ta zo ta ƙarshe a bana za ta dawo baɗi a gurbinta, da rabonta na kuɗin talabijin na ƙasa, kuma a dokar da ake bi a wancan zamani ita ce ke fara ɗauka a zaɓen matasa na shekara-shekara, inda ƙungiyoyi ke raba 'yan wasan makarantun sakandare da na jami'o'i a tsakaninsu bi da bi. Ke nan akwai lada a kan zama kurar baya. Wadda ta tsaya a tsakiya kuwa, ba ta kai zagayen fitar da gwani ba kuma ba ta samu zaɓin farko ba, ita ce ta yi biyu babu.

Abu na biyu shi ne dokar shekarun aiki, wadda a kanta duk lissafin musaya ya rataya. Matashin da ya shigo babbar gasa yana ƙarƙashin ikon ƙungiyarsa har sai ya cika shekara shida yana aiki, kuma kwana 172 a cikin tawaga su ake ƙirgawa shekara guda. A shekaru ukun farko yawanci albashi mafi ƙanƙanta ake biyansa, wanda a 2013 bai kai dala rabin miliyan ba, ko da kuwa ya fi kowa iyawa a duk gasar. A shekaru uku na gaba albashinsa na ƙaruwa, kuma idan an kasa daidaitawa alƙalan sasanci ne ke yanke adadin. Sai bayan ta shida yake zama 'yantacce, ya tafi inda aka fi taya shi. Wannan tsari ya samo asali daga gwagwarmayar da Curt Flood ya fara a 1969, lokacin da ya ƙi yarda a tura shi daga St. Louis zuwa Philadelphia ba da son ransa ba. Ya sha kaye a Kotun Ƙoli a 1972, amma hukuncin da wani alƙalin sasanci ya yanke a 1975 ya karya dokar da ke ɗaure ɗan wasa ga ƙungiya guda har ƙarshen sana'arsa, kuma a 1976 aka daidaita a kan shekara shida.

Sakamakon haka, abin da ake sayarwa a kasuwar besbol shi ne lokaci. Gwanin da ya rage masa shekara ɗaya ko biyu kafin ya 'yantu ba shi da wani amfani mai ɗorewa ga ƙungiyar da ta san ba za ta ci komai ba a cikin waɗannan shekarun, alhali ga wadda ke ƙamshin kofi darajarsa ba ta misaltuwa. Matashin da ke ƙungiyoyin 'yan dagaji kuma, wato ƙananan rukunonin da kowace ƙungiya ke renon yaranta a cikinsu, yana ɗauke da shekara shida cur na aiki mai arha, idan har ya yi albarka. Cinikin kuma na ba ni gishiri in ba ka manda ne: ba a biyan maƙudan kuɗin sayen ɗan wasa kamar yadda ake yi a Ingila ko Sifaniya, mutum ake bayarwa a karɓi mutum, kwantiraginsa na biye da shi duk inda ya je, kuma ba a neman izininsa sai in yana da sharaɗin hana musaya a rubuce, ko ya shekara goma a gasar tare da biyar na ƙarshe a ƙungiya guda. Kasuwar ta fi ci a ƙarshen watan Yuli ko farkon Agusta, lokacin da wa'adin musaya ke cika, domin a lokacin kowa ya san matsayinsa a teburi, masu saye sun bayyana, masu sayarwa ma haka.

Halin da Houston ta shiga kafin 2010 shi ne irin na gidan da aka daɗe ana yi wa faci. Bayan 2005 mai ƙungiyar na lokacin, Drayton McLane, ya ci gaba da ɗaukar manyan 'yan wasa masu tsada domin a ci gaba da fafatawa, aka yi sakaci da renon matasa, har ƙungiyoyinta na 'yan dagaji suka zama cikin mafi rauni a gasar. Babban manaja Ed Wade ne ya fara rusau da musayar Oswalt da Berkman da Pence. A Nuwamban 2011 ɗan kasuwa Jim Crane ya sayi ƙungiyar, a wata mai biyowa kuma ya ɗauko Jeff Luhnow daga St. Louis Cardinals ya damƙa masa ragamar 'yan wasa. Luhnow bai taɓa buga besbol a matsayin sana'a ba. Tsohon mai ba kamfanoni shawara ne a McKinsey, kuma ya taho da Sig Mejdal, masanin lissafi da ya taɓa aiki da hukumar NASA. Shawarar da suka yanke ita ce a ƙarasa rusau ɗin har tushe. A 2012 kaɗai aka sallami Carlos Lee da Brett Myers da Wandy Rodríguez da J.A. Happ, wato kusan duk wanda ke karɓar albashin kirki.

Alƙaluman shekarun da suka biyo baya ba su da daɗin karantawa. A 2011 ƙungiyar ta sha kaye sau 106, a 2012 sau 107, a 2013 sau 111, kuma ta rufe kakar 2013 da shan kaye goma sha biyar a jere. Albashin tawagar baki ɗaya a farkon wannan kakar bai kai abin da New York Yankees ke biyan Alex Rodriguez shi kaɗai ba. Filin da ya karɓi 'yan kallo sama da miliyan 3 a 2007 ya koma kimanin miliyan 1.6 a 2012, kuma a Satumban 2013 ma'aunin masu kallon talabijin na kamfanin Nielsen ya nuna sifili a kan ɗaya daga cikin wasanninta a birnin Houston. A tsakiyar wannan yanayi ne, a Yunin 2014, mujallar Sports Illustrated ta sa hoton George Springer a bangonta tare da hasashen cewa Astros ce za ta ci World Series a 2017, mutane da yawa suka mai da abin na dariya.

Labarin da aka fi bayarwa shi ne an sayar da tsofaffi, an karɓi yara, yaran sun girma sun ci kofi. Idan aka bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, sai a ga ba haka abin ya gudana ba. Daga cikin matasa huɗu da aka karɓa a kan Pence, babu ko ɗaya da ke cikin tawagar da ta buga World Series a 2017. Jon Singleton, wanda aka fi ɗora wa buri har aka ba shi kwantiragin dala miliyan 10 tun bai buga wasan babbar gasa ko ɗaya ba, bai cika burin ba. Amfanin cinikin ya zo ne ta bayan gida, a hannu na biyu da na uku. Jarred Cosart, ɗaya daga cikin huɗun, an tura shi Miami a Yulin 2014 tare da wasu, aka karɓo Jake Marisnick da Colin Moran da Francis Martes da gurbin zaɓe guda na 2015. Da wannan gurbi aka ɗauki Daz Cameron, wanda daga baya ya shiga cikin abin da aka biya Detroit a kan Justin Verlander, shi kuma Moran ya shiga cikin abin da aka biya Pittsburgh a kan Gerrit Cole a Janairun 2018. Haka Oswalt ya kawo Happ, Happ ya kawo Joe Musgrove daga Toronto, Musgrove ya taimaka a 2017 sannan shi ma ya tafi a cinikin Cole. Berkman ya kawo Mark Melancon, Melancon ya kawo Jed Lowrie daga Boston, Lowrie ya kawo Brad Peacock daga Oakland, kuma Peacock ne ya rufe wasa na uku na World Series ɗin 2017 ba tare da an buge masa ƙwallo mai amfani ko guda ba. Wato matasan da ake karɓa jari ne da ake juyawa, kamar ɗan tireda da ke sayar da wannan haja ya saro waccan, kuma ba a sanin ribar ciniki guda sai bayan shekara shida ko bakwai, lokacin da wanda ya ƙulla shi wataƙila an daɗe da korarsa.

Ƙashin bayan tawagar da ta ci kofi daga wani wuri ya fito. José Altuve, gajeren ɗan Venezuela da aka ɗauka a kan dala 15,000 a 2007 bayan an fara mai da shi gida saboda ƙanƙantarsa, yana nan tun kafin Luhnow, kuma shi ne ya zama gwarzon ɗan wasan rukunin American League, ɗaya daga cikin manyan rukunoni biyu na gasar, a 2017. Dallas Keuchel, wanda ya ci kyautar Cy Young ta gwanin masu jifa a 2015, an zaɓe shi a zagaye na bakwai a 2009. Springer kansa zaɓin zamanin Ed Wade ne, na 11 a 2011. Wannan batu ana yawan mantawa da shi idan ana yabon masu kwamfuta: uku daga cikin manyan ginshiƙan gādon su suka yi daga mutanen da suka maye gurbinsu, kuma hikimarsu a nan ita ce sun gane waɗanda bai kamata a sayar ba.

Abin da shan kayen ya saya kai tsaye shi ne zaɓin farko sau uku a jere, a 2012 da 2013 da 2014, kuma yadda aka yi da ukun ya isa ya nuna iyakar dabarar. A 2012 wata sabuwar doka ta fara aiki, wadda ta ƙayyade wa kowace ƙungiya jimillar kuɗin da za ta kashe wajen sa hannun matasan da ta zaɓa, mai zaɓin farko kuma ita ke da kaso mafi tsoka. Houston ta ɗauki Carlos Correa, yaro ɗan shekara 17 daga Puerto Rico, wanda ya amince da dala miliyan 4.8 alhali an ware wa gurbinsa miliyan 7.2, sannan ta yi amfani da rarar wajen shawo kan Lance McCullers Jr. da miliyan 2.5 ya fasa tafiya jami'a. Da jifa ɗaya aka samu tsuntsu biyu, kuma McCullers ne ya fara jifa a wasa na bakwai na World Series shekara biyar bayan haka. A 2013 kuwa aka ɗauki mai jifa Mark Appel, wanda kowa ke ganin ya nuna sai ci, aka bar Kris Bryant ga Chicago Cubs. Appel bai taɓa buga wa Houston wasan babbar gasa ba, Bryant kuwa ya zama gwarzon rukunin National League a 2016, shekarar da Cubs ta kawo ƙarshen jiran shekara 108. A 2014 aka zaɓi Brady Aiken, aka daidaita a kan miliyan 6.5, sai gwajin likita ya nuna matsala a jijiyar gwiwar hannunsa, ƙungiyar ta rage tayi, ciniki ya watse, aka yi ta zagin Luhnow da rowa da rashin mutunci. Doka ta ba Houston gurbi na biyu a zaɓen 2015 a matsayin diyya, da shi ta ɗauki Alex Bregman, da nata gurbin na biyar kuma ta ɗauki Kyle Tucker. An yi wa Aiken tiyata a wannan gwiwar a 2015, kuma bai taɓa kaiwa babbar gasa ba. Zaɓin farko uku ke nan: ɗaya ya yi, ɗaya ya lalace, na uku kuma sai ta hanyar rashin samunsa aka amfana.

Akwai kuskuren da ya fi na Appel ciwo, domin shi a cikin gida aka yi shi. A Maris ɗin 2014 ƙungiyar da ta sha kaye sau 111 ta sallami J.D. Martinez kyauta, bayan ya shafe hutun kaka yana sauya salon bugunsa, ba ta ba shi isasshiyar dama ta ga abin da ya canza ba, domin alƙaluman shekarunsa na baya sun riga sun yanke masa hukunci. Detroit ta ɗauke shi, a 2015 ya fitar da ƙwallo bayan katanga sau 38, a 2017 kuma sau 45. A ɗaya gefen, cinikin da ya fi kowanne riba a duk wannan zamani babu wanda ya kula da shi ranar da aka yi shi. A 1 ga Agustan 2016 Houston ta ba Los Angeles Dodgers wani mai jifa na tsaka-tsaki, Josh Fields, ta karɓi wani matashin ɗan Kuba mai suna Yordan Alvarez, wanda ko wasa ɗaya bai buga wa ƙungiyoyin Dodgers ba tukuna. Alvarez ya zama gwarzon sababbin 'yan wasa a 2019, kuma bugunsa ne ya juya wasa na shida da ya ba Houston kofinta na biyu a 2022. Sanin yaran wasu ƙungiyoyi fiye da yadda masu su suka san su, wannan ita ce sana'ar, kuma ba ta buƙatar a sha kaye sau ɗari kafin a iya ta.

A ganina, rusau shi ne ɓangare mai sauƙi na aikin, domin duk wanda ke da gwani zai samu mai saye. Wuyar tana wajen sanin ranar da za a daina sayarwa a koma saye, da kuma yawan jarin da za a fitar a ranar. Houston ta gwada abin sau biyu, sakamakon ya sha bamban. A 2015 tawagar ta farfaɗo da wuri fiye da yadda aka zata, ta ci wasa 86, sai Luhnow ya ba Milwaukee matasa huɗu a kan Carlos Gómez da Mike Fiers. Ƙungiyar ta doke Yankees a wasan sili ɗaya ƙwale, Kansas City ta fitar da ita a zagaye na gaba, Gómez bai taɓuka abin kirki ba har aka sallame shi a Agustan 2016. Cikin matasan da aka bayar akwai Josh Hader, wanda ya zama ɗaya daga cikin gwanayen masu rufe wasa na zamaninsa, kuma a 2024 sai da Houston ta biya dala miliyan 95 na shekara biyar kafin ta dawo da shi. An yi saye kafin lokaci, an kuma saya da tsada.

Wataƙila zafin wannan ne ya sa a Yulin 2017, lokacin da tawagar ke jan ragamar rukuninta da tazara mai yawa, Luhnow ya noƙe, wa'adin musaya ya wuce bai kawo kowa ba sai Francisco Liriano, har Keuchel ya fito fili ya nuna takaicinsa. Kafin kakar an riga an buɗe lalita an kawo manya irin su Brian McCann da Josh Reddick da Carlos Beltrán da Charlie Morton, amma babu jagoran masu jifa irin wanda ake shiga zagayen fitar da gwani da shi. A wancan zamani akwai ƙofa ta biyu: ana iya musayar ɗan wasa a watan Agusta idan an sanar da shi ga dukkan ƙungiyoyi babu wadda ta yarda ta ɗauki kwantiraginsa, kuma zai iya buga zagayen ƙarshe muddin ya iso kafin watan ya ƙare. Albashin Justin Verlander na dala miliyan 28 a shekara ya kori kowa. A daren 31 ga Agusta, kwanaki kaɗan bayan guguwar Harvey ta nutsar da unguwannin Houston har ƙungiyar ta koma buga wasanninta na gida a jihar Florida, aka daidaita da Detroit a kan matasa uku, Franklin Pérez da Daz Cameron da Jake Rogers, Detroit kuma ta ɗauki wani kaso na albashin. Verlander yana da ikon ƙin tafiya, kuma bai amince ba sai ana dab da ƙarfe goma sha biyun dare. Ya yi nasara a duk wasanni biyar da ya fara a Satumba, ya zama gwarzon karawar da aka fitar da Yankees, Houston ta doke Dodgers a wasa na bakwai, Springer na bangon mujalla ya zama gwarzon World Series. An soke wannan ƙofa ta Agusta a 2019, saboda haka irin wannan ciniki ba zai sake yiwuwa ba.

Ba za a yi maganar kofin 2017 a tsallake tabon da ke jikinsa ba. A Nuwamban 2019 Mike Fiers, wanda ya zo a cinikin Gómez, ya shaida wa jaridar The Athletic cewa a wannan kakar 'yan wasan Houston sun riƙa amfani da kyamara suna karanta alamun da mai cafkar ƙwallo na abokan hamayya ke yi wa mai jifa, sannan a doki kwandon shara domin a sanar da mai bugu irin jifar da ke tafe. A Janairun 2020 shugaban gasar, Rob Manfred, ya dakatar da Luhnow da koci A.J. Hinch na shekara guda, Crane ya kore su a ranar, aka ci tarar ƙungiyar dala miliyan 5, aka kuma ƙwace mata zaɓenta na zagaye na ɗaya da na biyu a 2020 da 2021. Rahoton Manfred ya soki ɗabi'ar ofishin da ke fifita sakamako a kan komai, kuma yana da wuya mutum ya raba wannan ɗabi'a da wadda ta iya kallon shan kaye 324 a shekara uku ba tare da ta girgiza ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi cewa ginin na gaske ne ta zo ne bayan haka. Cole ya tafi Yankees a kan dala miliyan 324, Springer ya tafi Toronto, Correa ya tafi Minnesota, duk bayan sun 'yantu, amma a 2022 ƙungiyar ta ci wasa 106 ta kuma ɗauki kofi a ƙarƙashin koci Dusty Baker. Jeremy Peña, wanda ya gaji gurbin Correa a shekararsa ta farko, shi ne gwarzon World Series, kuma masu jifa Framber Valdez da Cristian Javier, 'yan Jamhuriyar Dominika, a kan dala 10,000 kowannensu aka ɗauke su tun suna matasa. Babu ɗaya cikin ukun da ya zo ta hanyar zaɓin farko.

Sauran ƙungiyoyi sun kalli Houston da Cubs, wadda ita ma ta bi hanyar rusau kafin ta ci kofi, da yawa kuma suka kwaikwayi rabin da ya fi sauƙi, wanda kuma ya fi yi wa aljihun masu ƙungiya daɗi, tunda rage albashi ba ya rage rabon kuɗin talabijin. A 2018 ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa ta shigar da ƙorafi a kan Miami da Oakland da Pittsburgh da Tampa Bay cewa ba sa kashe tallafin da suke karɓa daga manyan ƙungiyoyi a kan tawagoginsu, kuma a 2019 ƙungiyoyi huɗu ne suka sha kaye sama da sau ɗari a kaka guda. Idan masu sayarwa suka yi yawa, farashin gwani na faɗuwa, zaɓin farko kuma guda ɗaya ne a shekara. Baltimore Orioles ta yi nasara da dabarar a hannun Mike Elias, tsohon mataimakin Luhnow: ta sha kaye sau 115 a 2018 kafin zuwansa, da sau 110 a 2021, ta ci wasa 101 a 2023. Ita ma dai matasa biyar da ta karɓa a kan Manny Machado a 2018 ba su ne suka ɗaga ta ba, in ban da mai jifa Dean Kremer. Adley Rutschman da Gunnar Henderson daga zaɓen 2019 suka fito.

Chicago White Sox ta nuna ɗaya fuskar. Daga Disamban 2016 ta sayar da Chris Sale da Adam Eaton da José Quintana, ta karɓi matasan da masana suka yi ittifaƙi a kan cewa suna cikin mafi daraja a duk gasar, irin su Yoán Moncada da Michael Kopech da Lucas Giolito da Eloy Jiménez da Dylan Cease. A takarda cinikinta ya fi na Houston kyau nesa ba kusa ba. Ta kai zagayen fitar da gwani a 2020 da 2021, aka fitar da ita a matakin farko duka biyun, raunuka suka cinye wasu daga cikin matasan, kuma babu sahu na biyu a ƙungiyoyinta na 'yan dagaji da zai toshe giɓin. Kafin nan dokar ta canza: yarjejeniyar da aka ƙulla a Maris ɗin 2022, bayan masu ƙungiyoyi sun rufe gasar kwana 99, ta mai da gurabe shida na farko na zaɓen matasa zuwa ƙuri'a, ta kuma hana ƙungiyoyin manyan birane shiga ƙuri'ar shekara biyu a jere. A 2024 White Sox ta sha kaye sau 121, adadin da babu wanda ya kai shi tun daga 1900, kuma da yake ta riga ta ɗauki gurbi na biyar a zaɓen wannan shekarar, abin da wannan kakar ta sama mata a zaɓen 2025 shi ne gurbi na goma.